Ƙofar Malama Cima

Tun da ta aje alli, Malama Cima ba ta zauna ba.
Ran wata Lahadi ta aiko yaro kirana.
Ta ce, "Cibkau, ƙofa nake so wadda ba a turawa,
sai dai a ja ta gefe a hankali,
kamar mai janye maganar da ta kusa fita."
Shekara talatin ina sassaƙa a Tawa,
ba wanda ya taɓa roƙona ƙofa mai kunya.

Laifin littafi ne.
Wata ungozoma ƴar Japan ta bar mata shi
da ta gama aikin asibiti za ta koma gida.
Da Faransanci yake, gara ta ɗanɗana gefensa.
A ciki, in ji ta, akwai fada ta shekara dubu baya,
mata na zaune bayan asabari, ba a ganin fuska,
sai bakin hannun riga ya leƙo, launi bisa launi,
namiji ya rasa barci don kyan rubutun mace kawai.
Na ce, "Ashe da can aka haife ni, da na mutu gwauro."
Ta yi dariya har tabarau ya zame mata.

Can, wai, ba a aika wasiƙa tsirara.
Ƴar waƙa ce layi biyar, a ɗaure a reshe da furensa,
in hantsi ya yi ba amsa, to an ci mutunci.
Suna gasar turare, suna kwana kallon wata,
suna kuka don fure ya faɗi.
Mu nan sai gero ya faɗi muke kuka.

Ta so ƙofar takarda. Na hana.
Iskar hadarin farko ba ta san adabi ba,
akuyar maƙwabta ma haka.
Muka ɗame farin alawayyo a kan firam,
in an kunna fitila ciki, inuwa ta zana kanta.
Tabarmi daga Madawa, katifa a ƙasa,
takalmi a bakin ƙofa.
Na ce, "Wannan kam ba sai Japan ta koya mana ba."

Ɗaki huɗu ne masaukin, ba lamba ko ɗaya.
Na fari Ruwan Farko,
na biyu Ganyen Gawo,
na uku, mai duban tabkin Babaye, Shamuwa Ta Tafi.
Kowane baƙo sai ya bar layi a kundi kafin ya biya.
Wani direban albasa daga Galmi ya rubuta:
"Na yi barci. Ban ji injin a kaina ba."
Malama ta ce ya fi rabin masu digiri.

Na huɗun ba ta cika ba da shi ba.
Sunansa Amsa Ba Ta Zo Ba.
Kowa a unguwa ya san mijinta ya tafi ci-rani Abijan
shekarar da aka yi kwalta a gaban gidansu.
Kwaltar har ta farfashe.

Ƙofar ɗakin nan ta cije bayan damina.
Na zo, na fere ta kaɗan, ta koma tafiya shiru.
Ɓawon katakon ya faɗo a naɗe, siriri, mai ƙamshi.
Ban iya rubutu ba.
Na ɗaure shi a reshen bagaruwa mai fure rawaya,
na bari a bakin taga, na kwashe kayana.

Washegari, tun kafin hantsi,
yaron ya zo rumfata da kasko a hannu,
garwashi biyu, da turaren da ban san irinsa ba.
Bai ce komai ba. An ce kada ya ce.
Na zauna har ya cinye,
ina ƙoƙarin karantawa.